BABI NA UKU: TARIHIN ƘWARON TSAMIYA DA ZARENSA A ƘASAR HAUSA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin sana'ar ɗinkin hannu da ire-iren aikin da ake yi wa manyan riguna a ƙasar Hausa. A wannan babi kuma za a waiwayi ɗaya daga cikin zaruruwan da ake yin wannan aiki da su, wato tsamiya. Sau da yawa akan ambaci rigar tsamiya a wuce, ba tare da an tsaya a kan halittar da ke samar da zaren ba. Wannan ya sa har yanzu akwai masu zaton daga jikin itacen tsamiya ake samun zaren, kamar yadda ake samun audugar rimi daga itacen rimi. Alhali kuwa wata tsutsa ce take saƙa shi. Saboda haka za a yi ƙoƙarin fito da rayuwar wannan ƙwaro da hanyoyin gane shi, sannan a bi sawun zarensa tun kafin zuwan Turawa har zuwa yau. Manufar ita ce a nuna cewa tarihin wannan zare a ɗaure yake da rayuwar ƙwaron da kuma itatuwan da yake ci, kuma ba za a fahimci bunƙasar sana'ar ko koma-bayanta ba sai an san su.

3.1 Ma'anar Kalmar Tsamiya

Kalmar tsamiya tana da ma'ana biyu a Hausa, kuma ƙamusun Bargery (1934) ya kawo su duka. Ma'ana ta farko ita ce sanannen itacen nan mai 'ya'ya masu tsami da ake dama kunu da su. Ta biyu kuwa ita ce wani irin zare mai taushi da ƙarfi, mai launin ƙasa-ƙasa ko fari mai dishi-dishi, wanda ake samu daga gidan wata tsutsa ta daji. Dangantakar ma'anonin a fili take, domin a kan itacen tsamiya akan sami ɗaya daga cikin ire-iren wannan tsutsa. Daga nan sunan ya faɗaɗa ya game duk wani zare irinsa, ko da a kan wani itace daban aka samo shi.

Ya kamata a bambanta tsamiya da alharini. Alharini kalma ce da aka aro daga Larabci, kuma tana nufin silikin da ake shigowa da shi daga waje. Asalinsa daga wata tsutsa ce da masana kimiyya suke kira Bombyx mori, wadda mutanen ƙasar Sin suka fara kiwo dubban shekaru da suka wuce. Tsutsar tsamiya kuwa 'yar Afirka ce, kuma Bahaushe bai taɓa kiwon ta a gida ba. A daji take rayuwa, a can ake zuwa a ɗebo gidajenta.

3.2 Rayuwar Ƙwaron Tsamiya

Uwar tsutsar tsamiya tana cikin jinsin ƙwarin da Hausawa suke kira faɗa-wuta, wato masu kama da malam-buɗe-littafi amma da dare suke yawo, suna kewaya fitila. Masana ilimin ƙwari sun sanya ta a cikin babban dangin da suke kira Notodontidae, a ƙarƙashin rukunoni biyu makusantan juna, Anaphe da Epanaphe. Rayuwarta tana bin matakai huɗu kamar haka:

(a) Ƙwai: Idan damina ta kama, itatuwa suka yi sabon ganye, sai macen ta saka ƙwayayenta a dunƙule a bayan ganye. Takan saka ɗaruruwa a wuri ɗaya. A ƙarshen cikinta akwai wani tulin gashi mai ruwan zinariya, da shi take lulluɓe ƙwayayen don kare su daga maƙiya.

(b) Tsutsa: Wannan shi ne mataki mafi tsawo wajen ci da girma. Tsutsar tana da gashi a jiki irin na gizaka, kuma gashin yana sa ƙaiƙayi idan ya taɓa fatar mutum. Babbar ɗabi'arta ita ce zaman tare. 'Ya'yan ƙwai ɗaya ba sa rabuwa. Tare suke kiwo, tare suke hutawa a jikin itace sun yi cincirindo, idan kuma za su tashi sai su jeru a layi, kowace tana bin bayan 'yar'uwarta. Yayin da suke girma sukan yi saɓa sau da dama, kamar yadda maciji yake yi.

(c) Kwanci: Idan tsutsotsin suka ƙoshi, wajen ƙarshen damina, sai su daina ci su taru a reshe ko a jikin gindin itace. A nan ne suke haɗa ƙarfi su saƙa babban gida guda da zaren da ke fitowa daga bakinsu. Bayan an gama gidan taro, sai kowace tsutsa ta saƙa nata ɗan ƙaramin ɗaki a ciki, ta kwanta, ta sandare ta koma kamar ƙwallon dabino. Gida ɗaya yakan ƙunshi ɗakuna daga gomiya zuwa ɗaruruwa, gwargwadon yawan tsutsotsin da suka taru. A haka za su kwashe watannin rani.

(d) Ƙwaro mai fukafukai: Idan damina ta zagayo sai ƙwaron ya fasa ɗakinsa ya fito. Bakinsa bai ginu don cin abinci ba, saboda haka 'yan kwanaki kaɗan yake yi a duniya. Aikinsa kawai shi ne barbara da saka ƙwai.

Abin lura a nan shi ne mataki na uku. Wannan saƙa ta taron dangi ita ce ta bambanta tsamiya da alharini. Tsutsar Bombyx mori ita kaɗai take saƙa ɗakinta, da zare guda mai tsawon ɗaruruwan mitoci wanda ake iya warwarewa a naɗe. A gidan tsamiya kuwa zaruruwan tsutsotsi da yawa ne suka sarƙe da juna, ba su warwaruwa. Kamar yadda za a gani a gaba, wannan bambanci ya yi tasiri a kan yadda ake sarrafa zaren, ya kuma yi tasiri a kan makomarsa a kasuwar duniya.

3.3 Hanyoyin Gane Ƙwaron Tsamiya

Hausawa suna cewa kama da wane ba ta wane ba. Ƙwarin da ke yin irin wannan zare suna da yawa kuma sun yi kama da juna, don haka akwai buƙatar a san yadda ake rarrabe su. Za a dubi hanyoyi biyu, ta gargajiya da ta masana kimiyya.

3.3.1 Hanyar Gargajiya

Bahaushe bai damu da ƙwaron mai fukafukai ba, domin ba shi yake nema ba. Abin da yake dubawa shi ne itacen da aka sami gidan a kansa, da siffar gidan, da launin zaren. Ta haka aka sami sunaye irin su tsamiyar tsamiya, wato wadda tsutsarta ta ci ganyen tsamiya, da tsamiyar doka, wato wadda aka samo a dajin doka. Idan aka yi nazari za a ga wannan hanya tana da tushe mai ƙarfi, saboda kowane nau'i na ƙwaron yana da itatuwan da ya fi so, ba kowane ganye yake ci ba. Wanda ya faɗi sunan itacen ya kusa faɗin nau'in ƙwaron ke nan.

3.3.2 Hanyar Masana Kimiyya

Su kuwa masana kimiyya sun fi dogara ga ƙwaron da ya gama girma, musamman zanen fukafukansa. A jumlace ƙwaro ne matsakaici, faɗinsa idan ya buɗe fukafukai kamar santimita 4 zuwa 6. Launin fukafukan fari ne ko ruwan madara, da ratsin ƙasa-ƙasa ko baƙi-baƙi a kan na gaba. Jikinsa yana da gashi, kuma 'yan ƙahonin da ke kansa suna da haƙora kamar matsefi. Nau'o'in da suka shafi wannan bincike su ne:

(i) Epanaphe moloneyi: Wannan shi ne na tsamiyar doka. Fari ya fi rinjaye a fukafukansa, kuma zarensa ya fi na sauran haske. Druce ne ya fara bayyana shi a 1887, ya raɗa masa sunan Alfred Moloney, Gwamnan Ikko daga 1886 zuwa 1891.

(ii) Anaphe panda: Boisduval ne ya bayyana shi a 1847. Yana da ratsi masu kauri a fukafukai, kuma yana saƙa gida rufaffe mai kama da jaka, mai launin ƙasa. Yana cin ganyen itatuwa dangin kirni. Ana samun sa daga Afirka ta Yamma har zuwa gabashi da kudancin nahiyar.

(iii) Anaphe venata: Butler ne ya bayyana shi a 1878. Jijiyoyin fukafukansa sun fito fili da launin ƙasa-ƙasa. Ƙwaron kurmi ne, yana rayuwa a kan babban itacen katako da Yarabawa suke kira arere.

(iv) Anaphe reticulata: Walker ne ya bayyana shi a 1855, a shekarar da ya ƙirƙiro sunan rukunin Anaphe. Ratsin fukafukansa sun gitta juna kamar raga.

Akwai wani tarko da ya kamata mai nazarin tarihi ya kiyaye. Sunayen nan sun sha canzawa. A rubuce-rubucen zamanin Turawa za a riƙa cin karo da Anaphe infracta, sunan da Walsingham ya bayar a 1885, wanda daga baya masana suka mayar da shi ƙarƙashin Anaphe panda. Haka kuma za a ga Anaphe moloneyi a maimakon Epanaphe moloneyi. Wanda bai san haka ba sai ya ƙirga ƙwaro ɗaya sau biyu.

Har wa yau, gane nau'in ƙwaron ya shafi lafiyar jama'a. A wasu sassan ƙasar Yarabawa, musamman yankin Ijesha, ana cin tsutsar Anaphe venata da damina. An daɗe ana fama da wata cuta mai sa karkarwa da tangaɗi a daidai wannan lokaci. A 1993 likita Adamolekun ya danganta cutar da cin tsutsar, sannan a 2000 Nishimune da abokan aikinsa suka nuna cewa a jikinta akwai wani sinadari mai lalata bitamin B1 wanda ba ya saurin mutuwa da zafin wuta.

3.4 Yadda Ake Sarrafa Zaren Tsamiya

Da yake gidan tsamiya ba ya warwaruwa, sai Hausawa suka bi da shi ta hanyar da suka saba bi da auduga. Mafarauta da manoma da makiyaya su ne suke cin karo da gidajen a daji, su ɗebo su kai kasuwa. Daga nan aikin ya koma hannun mata. Da farko akan buɗe gidan a kakkaɓe ƙwarin da dattin da ke ciki, kuma a nan ne ake shan ƙaiƙayin gashin tsutsar. Sai a dafa shi a cikin ruwan toka na tsawon sa'o'i, domin a narkar da danƙon da ya manne zaruruwan. Bayan haka a wanke shi sosai, a shanya. Idan ya bushe sai a tsettsefe shi ya yi laushi, sannan a kaɗa shi da mazari.

Zaren da ake samu ba ya ƙyalli irin na alharini, amma yana da ƙarko ƙwarai, kuma yana ƙara laushi da sheƙi gwargwadon yadda aka yi ta wanki da bugu. Yawanci ba a rina shi, akan bar shi da launinsa na asali. Wahalar wannan aiki da ƙarancin zaren da ake samu daga tulin gidaje su ne suka sa tsamiya ta yi tsada, ta zama kayan manya.

3.5 Tsamiya Kafin Zuwan Turawa

Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, an sami daula guda wadda ta haɗa ƙasar Hausa da Nufe da Ilori da Bauchi da Adamawa. Wannan ya buɗe hanyoyin fatauci, sana'o'in saƙa da rini da ɗinki suka bunƙasa, kamar yadda Shea (1975) ya nuna game da Kano, Kriger (2006) kuma game da daular baki ɗaya. Babbar riga ta zama tufar sarakuna da malamai da attajirai, kuma ta zama babbar kyautar da sarki yake yi wa wanda ya naɗa ko baƙon da ya girmama.

A wannan zamani siliki iri biyu ne a kasuwa. Na farko shi ne alharini. Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya bayyana yadda ake shigowa da ɗaruruwan kayan raƙuma na wani siliki mara kyau sosai ta hanyar Tarabulus kowace shekara. Ragowar masaƙun Turai ne, ana rina shi ja, kuma da shi ake saƙa barage. Na biyu shi ne tsamiya, wadda ba ta ƙetare hamada ba, daga dazuzzukan ƙasar ake samo ta. Akan saƙa ta, sau da yawa a gauraye da auduga, a ɗinka rigar tsamiya. An kuma fi amfani da ita wajen aikin wuya da aljihun riga, irin su aska biyu da aska takwas da tambari, inda haskenta yake fitowa a kan saƙi mai duhu. Heathcote (1979) ya yi nazari mai zurfi a kan waɗannan zane-zane. Ana iya lura da cewa shari'ar Musulunci ta hana maza sa tufar siliki zalla, amma an yi sauƙi a kan ɗan abin da aka yi ado da shi, malamai kuma sun yi saɓani a kan wanda aka gauraya da wani zare.

Cinikin bai tsaya a ƙasar Hausa ba. Yarabawa suna da nasu zaren daji da suke kira sanyan, wanda yake ɗaya daga cikin manyan tufafinsu na gargajiya guda uku, tare da etu da alaari. Kalmar alaari daga alharini ta samo asali, wasu masana kuma suna ganin sanyan ma tana da alaƙa da tsamiya. Dudgeon (1911) ya ambaci wani farin siliki da ake kawowa kasuwannin Yarabawa daga arewa, wanda suke kira na Gambari, wato sunan da suke kiran Hausawa da shi. Wannan ya dace da abin da aka faɗa a baya cewa ƙwaron dajin doka ya fi na kurmi farin zare. A nan ilimin ƙwari ya taimaka wajen fahimtar tarihin kasuwanci, domin ya bayyana dalilin da ya sa mutanen da suke da nasu silikin suke sayen na arewa. Can yamma kuma, Dogon na ƙasar Mali da Marka na Burkina Faso suna saƙa irin wannan zare.

3.6 Tsamiya A Zamanin Mulkin Mallaka

Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911. Kamar yadda suka yi da gyaɗa da auduga da fatu, sun bincika ko tsamiya za ta shiga jerin kayan da za a riƙa fitarwa. An aika da samfurin gidajen zuwa cibiyar binciken albarkatun ƙasashen mulkin mallaka da ke Landan, aka gwada su, aka buga sakamakon a mujallar cibiyar. Jamusawa ma sun yi irin wannan yunƙuri a Afirka ta Gabas kafin yaƙin duniya na 1914. Daga baya Golding (1942) ya yi rubutu a kan tsutsotsin silikin daji na Nijeriya.

Duk da haka tsamiya ba ta zama babbar hajar fitarwa ba, kuma dalilan suna komawa ga halittar ƙwaron. Na farko, zaren ba ya warwaruwa, don haka bai dace da injunan naɗe siliki mai daraja ba, sai dai a sarrafa shi kamar ragowar siliki mai araha. Na biyu, kaso mai yawa na nauyin gidan datti ne da danƙo da gawar ƙwari. Na uku, gashin tsutsar yana cutar da ma'aikata. Na huɗu, gidajen a warwatse suke a daji, bana a samu da yawa, baɗi a rasa, ga shi kuwa masana'anta tana son kaya mai zuwa a kan kari. Bugu da ƙari, daga shekarun 1920 silikin kanti da ake haɗawa da sinadarai ya cika kasuwannin duniya da araha. Ta haka tsamiya ta ci gaba da zama a hannun masu kaɗi da maɗinka na gida.

3.7 Koma-bayan Sana'ar

Daga tsakiyar ƙarni na 20 amfani da tsamiya ya riƙa raguwa. Ta fuskar kasuwa, zaren kanti mai launi iri-iri ya samu, keken ɗinki ya shigo aikin riga, shadda kuma ta maye gurbin saƙi. Kaɗi da mazari, wanda a da kusan kowace mace ta iya, ya koma hannun tsofaffi ƙalilan. Har ta kai ana kiran zaren auduga mai launin ƙasa-ƙasa da sunan tsamiya, kamar yadda ake yi wa sanyan a ƙasar Yarabawa.

Ta fuskar muhalli kuwa, dajin doka da ya ratsa ƙasar Zazzau da Birnin Gwari da Bauchi ya ragu saboda faɗaɗa gonaki da saran itacen wuta da yin gawayi. Ƙunar daji da rani tana cinye gidajen a lokacin da ƙwarin suke kwance a ciki. Haka kuma, ɗebe gida kafin ƙwarin su fito yana kashe zuriya guda baki ɗaya, tun da dukkansu a wuri ɗaya suke. Zaman taren da ya sa gidan ya yi girman da zai amfani mutum, shi ne kuma ya sa ƙwaron yake da saurin ƙarewa. Itacen tsamiya ya fi doka samun kariya, saboda manoma sukan bar shi a gona don 'ya'yansa da inuwarsa, ga kuma camfin da ke cewa matattarar iskoki ne.

A ƙasar Kenya, masu bincike na cibiyar nazarin ƙwari ta icipe da ke Nairobi sun yi aiki a kan Anaphe panda a dajin Kakamega a shekarun 2000. Sun gwada lulluɓe rassan da tsutsotsin suke kai da raga don kare su daga tsuntsaye da sauran maƙiya, kuma hakan ya ƙara yawan masu rayuwa. Wannan dabara ce da za a iya gwadawa a sauran dazuzzukan doka na ƙasar Hausa, tare da jinkirta ɗibar gidaje har sai ƙwarin sun fita.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa tsamiya siliki ne na gida wanda Hausawa suka sani, suka sarrafa, suka kuma yi fataucinsa tun kafin zuwan Turawa. An bayyana matakan rayuwar ƙwaron guda huɗu, da nau'o'insa, da yadda rarrabewar Bahaushe ta hanyar itace ta yi kusa da ta masana kimiyya. An kuma nuna cewa ɗabi'ar saƙa gida a taro ita ce ta sa ake kaɗa zaren da mazari, ita ce ta hana shi karɓuwa a masana'antun Turai, kuma ita ce take jefa ƙwaron cikin haɗari idan aka yi gaggawar ɗiba. Saboda haka duk wani yunƙuri na farfaɗo da rigar tsamiya dole ne ya faro daga kare itacen doka da na tsamiya, da kuma tattara ilimin tsofaffin da suka san dafa zaren da kaɗa shi tun suna raye. A babi na gaba za a dubi matsayin rigar tsamiya a fada da wuraren bukukuwa.